Direba Ta Kasa Saukowa Daga Bene

Kowa Direba yake kiranta, har mijinta. Koyar da tuƙi take yi a wata ƙaramar makaranta da ke bayan gidan mai, kuma yawancin ɗalibanta mata ne, irin masu ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace musu. Motar makarantar birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗaliba, ɗaya a ƙafar malama. An san Direba da sanyin kai. Ɗaliba za ta nufi kwata gadan-gadan tana salati, ita kuwa ta taka nata birkin a hankali ta ce, "To, mun gaisa da kwata, sai mu koma titi."

Cikinta na farko ya zube tun bai yi ƙwari ba. Ta ɗan kwanta, ta tashi ta koma aiki. 'Yan'uwa suka ce Allah Ya kawo mai albarka, ta ce amin, maganar ta mutu a nan. Da ta sake samun ciki sai ta rasa sukuni. In ɗan ya yi shiru, takan sa ɗaliba ta tsaya gefen titi wai a gyara madubi, ita kuma ta dafe mara tana jiran ya motsa. Ba wanda ta faɗa wa.

A wurin awo akwai wata ma'aikaciyar jinya, doguwa mai tabarau, wadda ake ce wa Sista. In ta gama auna jini da nauyi takan tambaya, "Jiki lafiya. Zuciya fa?"

"Zuciya na aiki, Sista," in ji Direba tana dariya. "Ba ta taɓa mace mini a hanya ba."

Ta haifi mace lafiya lau, jaririya mai fuska cike, nan da nan aka laƙaba mata Kumatu. Mijin Direba mai gyaran wutar lantarki ne, ya fita tun safe ya dawo da yamma aljihu cike da guntayen waya. Mahaifiyarta tana nesa, ga ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, don haka yayar mijin ce ta zo ta zauna musu. Yaya mace ce mai faɗa da aiki. Tana wanki tana mita, tana shara tana mita, amma kafin ka ce a yi abu ta riga ta gama.

Gidansu a hawa na uku yake, cikin wani dogon gini mai matakalar siminti, ƙarfen dafawa duk fentinsa ya goge.

Ran da za a kai Kumatu rigakafi, Direba ta naɗe ta cikin tawul ta fito, Yaya na baya tana kulle ƙofa. Da ta tsaya a bakin matakala ta dubi ƙasa, sai wani abu ya gifta mata, ƙarara kamar a talabijin: hannuwanta sun buɗe, yarinyar na gangarawa, tawul na warwarewa. Ba santsi ta gani ya kwashe ta ba. Gani ta yi ita da kanta ta saki.

Ta ja da baya har ta bugi bango.

"Yaya, karɓe ta. Jiri nake ji."

"Ai dole ki ji jiri, tun safe shayi kawai kika kurɓa. Kawo ta nan. Koma ki kwanta, ni na kai ta."

Ta koma ta kwanta, amma hoton bai kwanta ba. Washegari ta ɗauki wuƙa za ta yanka albasa, Kumatu na barci a falo, sai wani hoton ya zo wanda ya fi na jiya muni. Ta jefar da wuƙar kamar ta taɓa garwashi. Daga nan abin ya bi ta ko'ina. Taga, ruwan wanka, tukunyar da ke tafasa. Ko goya yarinyar ta yi, sai ta ga hannunta na kwance zanin. Tana son 'yar nan har ƙirjinta na ciwo, to me ya sa kanta ke nuna mata wannan? Amsa ɗaya ta samu, cewa akwai wata muguwa ɓoye a cikinta, kuma wata rana za ta fito. In ta faɗa, za a ce ta haukace, a raba ta da 'yarta. Sai ta kama bakinta.

Da Yaya ta koma gidanta, abin ya ƙara ƙamari. Mijin na fita Direba za ta jawo katifa tsakiyar falo, nesa da taga, nesa da kicin, ta zauna a ƙasa da yarinyar har yamma. Wanka sai dai ta goge mata jiki da tsumma mai ɗumi. Abinci kuwa abin da hannu ya kai, burodi ko ragowar shinkafar jiya. In Kumatu ta yi barci ita ba ta iyawa, sai ta zauna tana kallon ɗan ƙirjin na hawa da sauka.

Wata yamma mijin ya dawo ya tarar tana fama da albasa da bakin cokali.

"Direba, wuƙaƙen gidan nan ƙaura suka yi?"

"Suna saman kabad."

"Laifin me suka yi?"

"Saboda yarinya."

"Yarinyar da ko wuyanta ba ta riƙe ba? Ko dai ta fara hawa kujera ban sani ba?"

Ya yi dariya ya sauko da su. Da safe ta mayar.

Sannu a hankali dariyarsa ta ragu. Ya lura yana shigowa take miƙa masa Kumatu, tun bai cire takalmi ba. Ya lura mai makarantar tuƙi ya yi ta kira tana ƙin ɗauka. Ya lura tufafinta sun fara yi mata yawa. Amma fassarar da ya yi wa abin daban ce. Wata rana ya dawo a gajiye, wani mai gida ya wahalar da shi, ta miƙo yarinyar, sai ya ce, "Wai ke, kamar ajiya aka ba ki kina jiran mai kaya ya zo ya karɓa."

Ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada ya ji.

Ya kira Yaya ya faɗa mata. Direba na jin muryarta ta waya daga inda take. "Sangarta ce kawai. Mu da muka haifi biyar wa ya riƙe mana? Ka daina biye mata."

Da lokacin wani rigakafin ya zo, Direba ta ce kanta na ciwo. Mijin ya ajiye aikin safe ya ɗauki Kumatu ya kai. Shi kaɗai ne namiji a layin, mata na ta tsokanarsa wai Allah Ya ba su irinsa. Da ya shiga, Sista ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba, ta ɗago kai ta kalle shi ta saman tabarau.

"'Yarka lafiya lau. Ina uwarta? Wancan karon ma ban gan ta ba."

"Kanta ke ciwo."

"Tana cin abinci?"

"Sama-sama."

"Barci fa?"

Ya tuna duk lokacin da ya farka idonta biyu.

"Yaushe rabonta da fita waje?"

Tun da aka dawo da ita daga asibiti bai ga ƙafarta a ƙasan ginin ba.

"Gobe ka kawo mini ita," in ji Sista. "Kai ka riƙo yarinyar, ita ta taho hannu sake. Kada ka yi mata faɗa, kada ka yi ta tambayoyi. Ka ce ni nake nemanta."

Haka aka yi. Ya yi gaba da Kumatu, ita ta biyo baya tana dafe da ƙarfe, hasken titi na kashe mata ido. A ɗakin Sista akwai fanka mai ƙara da benci da labule shuɗi. Sista ta ce wa mijin ya ɗan zaga da yarinyar, ta rufe ƙofa, ta jawo kujerarta ta dawo gefen Direba maimakon bayan tebur.

"Zan tambaye ki wani abu da nake tambayar mata da yawa. Akwai tunanin da ke faɗo miki a kan yarinyar nan, wanda ba ki so, kuma kike jin tsoron faɗa?"

Direba ta kafe ido a ƙasa.

"Wata takan ga ta saki ɗanta daga sama. Wata wuƙa ce. Wata ruwan wanka."

Direba ta ɗago da sauri. "Wa ya faɗa miki?"

"Waɗanda suka zauna a bencin nan kafin ke."

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba a iya tarewa. Ta faɗi matakala, ta faɗi wuƙa, ta faɗi katifar tsakiyar falo. Sista ba ta katse ta ba, fuskarta kuma ba ta sauya ba. Da ta lafa sai ta tambaye ta, "In hoton ya zo, kina jin sha'awar aikatawa?"

"Wallahi gara a sare mini hannuwan."

"Kina jin wata murya na ba ki umarni? Ko kina ganin abin da wasu ba sa gani?"

"A'a."

"Ke fa, kin taɓa tunanin cutar da kanki?"

"Nakan ce da ba na nan da sun huta. Amma ban taɓa shirya komai ba."

"Na gode da kika faɗa mini. In wannan tunanin ya ƙaru, ko ya sauya kama, a ranar nake so in ji. Yanzu zan haɗa ki da likitar ƙwaƙwalwa."

"Sista, gidan mahaukata za ki tura ni?"

"Bayan ɗakin magani zan tura ki, ƙofa mai koren fenti. In kin ga mahaukaci a can ki zo ki faɗa mini, ni dai ban taɓa gani ba."

Likitar matashiya ce mai magana a hankali. Ta sake yin tambayoyin, ta ƙara da wasu, har ta kai ga cikin da ya zube. Nan Direba ta sake yin kuka, ta yi mamakin kanta, don ta ɗauka wannan ya wuce tuntuni. Likita ta ce mata ciwon fargaba ne ya kama ta, ya haɗu da damuwa, kuma yakan sami mata lokacin ciki da bayan haihuwa. Ta ce kan uwa yakan yi ta hango haɗari don ya kare ɗa, nata ne ya wuce gona da iri har ya koma zarginta. Ta ce ana warkewa. Za ta ba ta magani wanda ta zaɓa da sanin tana shayarwa, za su riƙa zama suna magana, kuma dole a nemo mata barci ko ta halin ƙaƙa.

"Mijinki ya sani?"

"A'a."

"Kina so mu faɗa masa tare?"

Aka kira shi. Ya zauna da Kumatu a ƙirji. Direba ta faɗa da bakinta, tana kallon yatsun ƙafarta. Da ta zo kan matakala sai ta ga hannunsa ya ƙara matse yarinyar, kafaɗarsa ta ɗan juya. Shi kansa bai san ya yi ba. Ita ta gani, Likita ma ta gani.

"Malam, tsoron da ka ji yanzu, shi take kwana da shi take tashi da shi," in ji Likita. "Na yi mata tambayoyin da ya kamata. Ban ga macen da ke son cutar da 'yarta ba. Na ga wadda ta hana kanta ci da barci don ta tsare ta. Abin da zai ƙara mata ciwo shi ne a nuna mata ana tsoronta."

Suka koma gida. Da suka shiga falo ya tsaya yana kallon katifar nan kamar yau ya fara ganinta. Sai ya ɗora mata Kumatu a cinya.

"Riƙe ta, zan wanke hannu."

Ya daɗe a banɗaki fiye da wankin hannu. Da ya fito idonsa ja. Ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Maganar ajiyar nan da na yi, ki yafe mini."

"Ai ba ka sani ba, Baban Kumatu."

"Ban tambaya ba ne."

Bayan kwana biyu sai ga Yaya da jakarta, tana haki daga hawan bene. Ƙanenta ya yi mata bayani ta waya. Ta ɗauki kwalin maganin ta juya shi gaba da baya.

"Wannan ba zai bi nono ya sa mini 'ya ta zama sakarai ba?"

"Likita ta ce ta duba wannan, Yaya."

"Likitocin yanzu, duk 'yan yara." Ta ajiye kwalin. "Ni dai ban gane wannan ciwon ba. Amma na gane rashin barci. Shayar da ita ki ba ni, ki shige ɗaki. In na ji motsinki kafin azahar sai na saɓa miki."

Direba ta yi barcin da ta manta akwai irinsa.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Maganin ya fara da sa ta tashin zuciya, har ta so ta daina, Sista ta ce ta ƙara haƙuri kaɗan, daga baya ya daidaita. A zamansu Likita ta ce gudun matakala shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi, don haka za su tunkare ta kaɗan-kaɗan. Da farko ta tsaya a bakin ƙofa da yarinyar kawai. In hoton ya zo kada ta yi kokawa da shi, kada ta gudu, ta bar shi ya zo ya wuce.

"Ashe a fili za mu fara kafin mu hau titi," in ji Direba.

"Ke kika san wannan," in ji Likita tana murmushi.

Ta fara da bakin ƙofa. Sai taku ɗaya, sai biyu, Yaya na gefe tana ba da labarin rigimar maƙwabtanta kamar ba abin da ake yi. Wata safiya ta kai kwanar matakala ta farko lafiya, sai hoton ya zo da ƙarfinsa. Ta zauna daɓas a kan siminti, ta ƙanƙame yarinyar, ta ce ita ta gaji, ba za ta taɓa warkewa ba. Yaya ba ta miƙo hannu ta karɓa ba, don an gargaɗe ta. Ta tattare zani ta zauna kusa da ita.

Can ta ce, "Bayan Innarmu ta haifi mijinki, ta yi wata da watanni tana zaune bakin gado, ba ta magana, ba ta tsefe kai. Ni ce babba, ni na yi ta ɗawainiya da shi. Mun ɗauka fushi take da mu." Ta share hanci da bakin mayafi. "Ba wanda ya tambaye ta. Ba a san ana tambaya ba."

Suka zauna har Kumatu ta fara mutsu-mutsu. Sannan suka koma sama. Washegari aka sake gwadawa.

Sista tana tara wasu mata a wani ɗaki na asibitin, masu ciki da masu shayarwa, su zauna a kan kujerun roba su yi hira. Direba ta je a ɗarare. Ta tarar da wata malamar makaranta da ta ce ta haihu amma ta kasa jin komai game da ɗanta, kamar na maƙwabta. Wata mai sayar da kayan miya ta ce ita kuka take ba dalili, har a gaban masu ciniki, wani ya ɗauka tsadar tumatir ce ta sa ta, ya ce shi ya kamata ya yi kukan. Ɗakin ya kwashe da dariya. Direba ta ji muryarta a cikin masu dariyar, ta yi mamaki. Da aka zo kanta ta ba da labarin albasa da cokali, wata mai tsohon ciki ta ce ita almakashi ta ɓoye har ta manta inda ta sa.

Ran da ta sauko har ƙasa da Kumatu a hannu, ba wani biki aka yi ba. Gishiri ne ya ƙare, Yaya na wanka, ta ɗauki yarinyar ta tafi kanti. Hoton ya zo a kwanar matakala ta biyu. Ta ce masa a ranta, na gan ka, ta ci gaba da sauka. Sai da mai kanti ya ce, "A'a, Direba, ashe kina garin?" sannan ta tuna abin da ta yi.

Ta koma aiki lokacin da Kumatu ta fara rarrafe. Ta faɗa wa mai makarantar gaskiyar abin da ya tsare ta, ya sosa ƙeya, daga baya ya sauya mata jadawali don ta riƙa samun zuwa asibiti. Akwai ranakun da fargabar ke leƙowa, musamman in yarinyar ta yi zazzaɓi. Amma yanzu in ta leƙo Direba takan faɗa, mijin kuma ya koyi sauraro ba tare da ya zabura neman abin gyarawa ba.

Kumatu na gudu tana fasa kofuna lokacin da suka fara maganar yi mata ƙani. Direba ce ta ce ba za ta ɗauki ciki ba sai sun ga Likita. Suka je su uku. Likita ta yi murna da zuwan nasu tun kafin a samu cikin. Suka tattauna batun magani, ta ce kada ta tsayar da komai da kanta, tare za su duba abin da ya dace. Suka tsara yadda za ta riƙa zuwa lokacin ciki, da alamomin da mijin zai lura da su, da wanda zai riƙe jariri don ta samu barci.

"Zai iya dawowa?" in ji Direba.

"Zai iya. Zai kuma iya ƙin dawowa. In ya dawo, zai tarar muna jiransa."

"Ina jin tsoro fa, Likita."

"Na sani. Kina so duk da haka?"

Ta dubi mijinta, wanda ke ƙoƙarin ƙwato abin awon ƙirjin Likita daga bakin Kumatu. "Ina so."

Suna fitowa wayar mijin ta yi ƙara. Yaya ce, ta san da zuwan nasu. Ya sa ta a sifika.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba laifi, amma sai an shirya."

"To ni na riga na shirya. Na faɗa wa mijina tun yanzu ya fara koyon dafa wa kansa, don wannan karon sai na ga ɗan ya zauna zan dawo."

"Yaya, ko cikin ma babu tukuna," in ji Direba.

"Wannan ku ya dama. Ni dai ku sayi katifar kirki kafin in zo, ta wancan karon ta kusa karya mini baya."